Guraben Ja a Littafin Baba

A gidanmu na Gwandu aikin rubutu kashi biyu ne. Baba ke rubuta baƙi, ni nake bi da ja. Idan yana kwafar littafi, duk inda ya zo kan babi, ko fasali, ko wata kalma da ake so idon mai karatu ya faɗa a kanta, sai ya ɗaga alƙalami ya tsallake, ya bar gurbi fari. In fallen ya bushe sai a turo mini, in duba uwar littafin da ake kwafa daga ciki, in cike guraben da jar tawada. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake wannan aiki. Yayana, wanda ya ba ni shekara tara, shi ya gaji hannun Baba a baƙi, amma ja ba ta taɓa karɓarsa ba. Yana danna alƙalami da yawa, ita kuwa jar tawada ruwa-ruwa ce, sai ta baje masa. Ni hannuna sakayau ne, kuma na san da haka. Na daɗe ina taƙama da shi har na ƙosar da mutanen gida.

Daga baya boko ya ɗauke ni. Na sami aikin ofis a jami'ar da ke Kalgo, ina shigar da takardun mutane cikin kwamfuta daga safe zuwa la'asar. Na kama ɗaki ciki da falo a wani gidan haya. Na yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta koma gidansu, ni na ci gaba da zama da kujeru biyu da ta bari. Gwandu ba nisa gare ta ba. Mota ɗaya zuwa Birnin Kebbi, wata ta bi da kai ta Ambursa, kafin azahar kana gida. Amma zuwana ya yi ta ja da baya, daga kowace Asabar zuwa wata-wata, daga nan sai in an yi haihuwa ko rasuwa.

Littafin da Baba ya kwafa na ƙarshe wani ɗan littafin fiƙihu ne, falle tamanin da 'yan kai. Da ya gama sai ya sa Yaya ya kira ni a waya, ya karɓa da kansa, ya ce, "Auta, baƙi ya ƙare. Saura naka." Na ce Asabar mai zuwa ina tafe. Asabar ta zo, na ce ta gaba. Babu wani babban dalili da zan iya kawowa yanzu. Wata rana wanki ne, wata rana zafi, wata rana ƙyuiya ce kawai tsagwaronta. Wata huɗu ina faɗin Asabar mai zuwa. Baba ya rasu ranar wata Talata cikin bazara, guraben suna nan farare yadda ya bar su.

Yaya bai taɓa ce mini uffan a kan wannan ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tattara fallayen, ya sa su a gafaka, wato jakar fata da ake ajiye littafi marar ɗinki, ya ɗaure, ya ɗora a kan kantar ɗakin Baba, wanda yanzu ya zama ɗakin aikinsa. Duk zuwan da na yi idona na kan gafakar nan. Babu abin da nake so a duniya kamar in cike guraben da hannuna. Amma a gidanmu ba a roƙon alƙalami. Babba ne ke miƙa wa ƙarami aiki in ya ga dama, kuma wanda ya roƙa ya nuna bai san kansa ba. Haka Baba ya yi da mu, haka aka yi da shi. Don haka sai in gaishe da Yaya, mu taɓa zancen damina da farashin taki, in saci kallon kanta, in yi sallama. Shekara biyu muna haka.

A cikin shekara ta biyun ne na faɗa wa wani wasa na waya. Kalgo gari ne da ke cika da safe ya zube da yamma, ga irinmu dai. Ana tashi daga aiki abokan ofis sai su yi tururuwa cikin motoci su nufi Birnin Kebbi wurin iyalansu. Ni sai in tako zuwa gida, in sayi soyayyen kifi a hanya, in zauna a bakin ƙofa ina kallon mutanen ƙauyen Wurogauri suna komawa gida a kan babura da buhuna a baya. Daga ɗakunan maƙwabta ana jin ƙamshin miya da faɗan yara. Gidan kallon ƙwallo ba ya yi mini, ba na iya ihu a kan mutumin da bai san ina duniya ba. Ina da wata babbar waya mai faɗin fallen littafi, da ita nake kashe lokacin da ke tsakanin la'asar da magariba. A nan wata rana na ga hoton wani gem, wato wasan waya, da ya sa na miƙe zaune.

Abin da na gani takarda ce. Tsohuwar takarda mai ruwan ƙasa-ƙasa, da layukan rubutu na wani harshe da ban iya karantawa, da gefe mai faɗi, da wani ƙaton harafi a kusurwar sama an kewaye shi da ado amma cikinsa fari. An ce mutane ƙalilan ne suka ƙirƙiri wasan a wata ƙasa ta Turai, ba wani babban kamfani ba, kuma sun kwaikwayi littattafan da magabatansu suka rubuta da hannu kafin zuwan injin ɗab'i. Marubuta biyu ne ke karawa, ɗaya da baƙar tawada, ɗaya da ja. Kowa yana da ɗan kurtunsa na tawada. In lokacinka ya zo sai ka zaɓi abin da za a zana maka a gefen takardar, zomo mai garkuwa, ko kare mai mashi, ko dodon koɗi mai tafiyar ƙasaita, sai wani hannu riƙe da alƙalami ya fito ya zana. Kowace dabba tana cin tawada gwargwadon ƙarfinta, kowace da irin takunta. Ana yi bi da bi. Wanda rundunarsa ta fara kaiwa ga ƙaton harafin nan ta cike shi da launinta, shi ya ci fallen. In ka yi wauta ka ƙarar da tawadarka tun da wuri, sai ka zauna kana kallo ana cin garinka.

Ranar farko na yi dariya ni kaɗai har maƙwabciyata ta leƙo ta taga. Zomo da garkuwa! Amma abin da ya riƙe ni ba dabbobin ba ne. Waɗanda suka yi wasan nan sun taɓa zama kusa da tawada. In hannun ya gama zane, sai ka ga layin yana ƙyalli kamar ɗanye, sannan a hankali ya dushe ya zauna cikin takardar. Ja ɗinsu ma ba ja ce mai ihu ba, irin tamu ce ta niƙaƙƙen jan dutse da ƙaro. Ban taɓa zaɓar baƙi ba ko sau ɗaya. Na yi watanni ina karawa da na'ura, na iya ta har na fara jin tausayinta. Akwai wurin da mutum biyu za su iya yi a waya ɗaya, suna miƙa wa juna, amma ban taɓa danna shi ba. Na taɓa nuna wa wani abokin aikina, ya kalla na ɗan lokaci, ya ce ai wannan na yara ne, ya tambaye ni ko an ce wani abu a kan ƙarin girma. Wani ya ce zai gwada in ya sami lokaci. Daga nan na daina nunawa. Mutum ɗaya na sani a duk jihar nan da zai kalli takardar ya ga abin da na gani, kuma ba ma hira da shi sai ta taki.

Wata Asabar a tsakiyar damina na sa wayar a jaka na tafi Gwandu. An kwana ana ruwa, gari ya yi laushi, bangon ɗakin Baba yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na sami Yaya a kan buzu ya baza fallaye uku a gefe, kowane an danne kusurwarsa da ɗan dutse, suna shan iska. A irin wannan lokaci tawada takan yi nawa wajen bushewa, mai rubutu sai ya yi ta haƙuri da ita. Muka gaisa, muka yi zancen gero. Da zancen ya ƙare, maimakon in saci kallon kanta in tashi, sai na ciro wayar na kunna na ajiye a gabansa.

"Mi na wanga, Auta?"

"Wasa na, Yaya. Duba takardar kawai."

Ya gyara gilashin idonsa ya sunkuya. Ya bi layukan da ido. Sannan ya nuna zomon da ɗan yatsa, ba tare da ya taɓa ba.

"Zomo da garkuwa cikin littahi? Mutanen ga ba su da malamai da za su hana su?"

Na ce wataƙila malaman ne ma suka zana. Ya yi tsaki, amma bai ture wayar ba. Ya matso da ita.

"Amma wanda yay yi layin ga ya san aiki. Dubi gehen da yab bari. Wanga ba gaggawa garai ba."

Na yi masa bayanin yadda ake yi, ina tsoron kada in yi yawan magana. Yaya gwanin dara ne tun yana saurayi, har Baba ya taɓa hana shi don tana cinye masa lokacin karatu. Ban kai ƙarshen bayanin ba ya katse ni.

"Ashe dara ta. Ba ni baƙi."

A ranar na danna wurin mutum biyu a karon farko. Fallen farko na cinye shi cikin sauƙi, don ya zuba tawadarsa duka a kan karnuka. Ya ce a sake. A na biyu ya gane cewa dodon koɗi, duk da nawarsa, ba ya cin tawada da yawa kuma ba a ture shi da wuri, sai ya jera su ya tare mini hanya, ya zagaya da zomo ɗaya ta ƙasan rubutu ya cike harafin da baƙi ina kallo. Ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci wadda rabona da ji tun Baba na da rai. Gwiwata tana taɓa tasa. Na ji daɗi har idona ya yi zafi, na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Kafin mu fara na uku ya ce in dakata. Ya tashi, ya miƙa hannu kan kanta, ya sauko da gafakar Baba, ya kaɗe ta da hannun riga ya ajiye a gefen buzunsa. Ya jawo wani ɗan kurtu daga lungu, ya buɗe, ya leƙa, ya ɗiga masa ruwa kaɗan daga buta ya ajiye ya jiƙa. Kurtun ja ne, nawa na da. Bai dube ni ba, ya dawo ya zauna ya ce a ci gaba. Na san abin da ake nufi. In an gama wannan fallen za a miƙo mini alƙalami. Murna ta cika ni har kaina ya yi sakayau, kuma ni in na yi murna bakina ba ya da linzami.

Yaya ya zaɓi kare mai mashi. Hannun ya fito ya zana shi, baƙin layin yana ƙyalli. Lokacina ne, na miƙa hannu zan karɓi wayar, sai ya janye ta.

"Dakata. Bari shi sha iska, yanzu ka shahe shi."

Ya ɗaga wayar da hannu biyu, ya riƙe ta ta gefe-gefe da ƙarshen yatsu yadda ake riƙe ɗanyen falle, ya karkata ta wajen hasken ƙofa, ya kawo ta kusa da bakinsa ya shiga hura mata iska a hankali, daga dama zuwa hagu. Ƙyallin ya dushe, kamar yadda yake dushewa ko an hura ko ba a hura ba. Ya gyaɗa kai, ya gamsu.

Dariya ta ƙwace mini. Da a nan ta tsaya, ina jin da shi ma ya yi, don ya ɗago yana shirin murmushi. Amma daidai lokacin matarsa ta yi sallama a bakin ƙofa da kwanon kunu. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Sai na juya wajenta ina riƙe da ciki.

"Zo ki gani! Malaminku na hura ma gilashi iska! Shina jiran tawadar waya ta bushe!"

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa, ta ajiye kwanon ta juya. Sai a sannan na ji muryata yadda ta fita, da yadda ta kai har tsakar gida inda 'ya'yansa mata ke tankaɗe. Mutumin da ake zuwa daga garuruwa a durƙusa a gabansa a ɗauki karatu, ni na tsaya a ɗakin ubanmu ina shelar ƙauyancinsa.

Yaya ya dubi wayar. Numfashinsa ya bar ɗan hazo a kan gilashin. Ya sa hannun riga ya goge shi tas, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Gahwara, Malam. Mu da takarda munka saba."

Bai taɓa kirana Malam ba. Na ce, "Yaya, wallahi wasa ni kai." Ya ce ya sani. Ya ce in sha kunu kada ya huce. Ya jawo fallayensa uku ya duba ko sun bushe, ya jera su. Da aka kira la'asar ya tashi, ya ɗauki gafakar ya mayar kan kanta, ya rufe kurtun ja ya tura shi lungu da ƙafa, muka fita masallaci yana gaba ina baya.

Na kira shi washegari daga Kalgo na ba shi haƙuri sosai, ba da wasa ba. Ya ce, "Ba komi. Mi anka yi?" Ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu. Na sake zuwa bayan mako biyu, aka ce ya tafi ta'aziyya. Na zauna a ɗakin ni kaɗai na ɗan lokaci. Da na ɗaga kai, gafakar ba ta kan kanta. Na gaya wa kaina ya shigar da ita ciki ne saboda danshi.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ina dawowa daga aiki in zauna a bakin ƙofa in kunna wasan, in yi taku biyu uku in kashe. Na'ura ba ta tare hanya da dodon koɗi, ba ta da wannan wayon. Na yi fushi da Yaya, in faɗi gaskiya. Na ce a raina, mutum ya kai shekara hamsin amma dariya ɗaya ta gagare shi haɗiyewa? Ni da na ɗauko abin da na fi so na kawo masa? Sai kuma in tuna Baba ya jira ni wata huɗu, Yaya yana zaune kusa da shi yana jin abin da nake cewa a waya kowane mako. Sai fushin ya rasa inda zai tsaya, in tashi in dafa shayi.

Ana gab da fara girbin gero ya kira ni da kansa.

"Ka zaka ran Asabar in kana da hali. Akwai abin da ni ka so ka gani."

Ban bari Asabar ta waye sosai ba na kama hanya. A Birnin Kebbi na tsaya na yanke farce, don kada ya karci takarda. Wayar kuwa a Kalgo na baro ta da gangan.

Na same shi a kan buzu, gafakar tana gabansa. Muka gaisa. Ya kwance igiyar, ya buɗe, ya juyo da fallen farko wajena. Kan babin yana nan da ja. Na ɗaga na biyu, ja. Na tsakiya, ja. An cike guraben duka.

"Na ga aiki ya yi ma yawa can, shi as sa ban matsa ma ba," in ji shi. "Na kai ma malamin garin Ceberu, wanda yay yi karatu wurin Baba. Kwana tara yay yi. Duba muna ko akwai kure, idonka ya hi nau."

Babu gatse a muryarsa. Ya ɗauko uwar littafin ya ajiye mini a dama, ya gyara mini zama wajen haske, ya koma kan nasa aikin.

Na duba. Falle bayan falle, gurbi bayan gurbi, ina gwadawa da uwar littafin. Allah ya sani ba don in taimaka nake dubawa ba. Kuskure nake nema, ko guda ɗaya, kalmar da aka tsallake, ko ja da ta hau kan baƙin Baba, ko gurbin da aka manta, don in ce a ba ni alƙalami in gyara, hannuna ya taɓa littafin ko da a wuri ɗaya ne. Na yi tun hantsi har aka yi azahar, muka dawo na ci gaba. Wuyana ya ƙage. Hannun mutumin Ceberu mai tsabta ne, a natse, bai cika ado ba, ya shiga tsakanin kalmomin Baba ya zauna daidai. Na kai fallen ƙarshe, inda Baba ya rubuta addu'ar gamawa da hannun da ya riga ya fara rawa, na koma na sake bin goman ƙarshe. Ban sami ko ɗaya ba.

"Yaya, ba kure," na ce. "Ya yi kyau."

"Madalla," in ji shi. "Allah shi jiƙan Baba."

Na ce amin. Ya karɓi fallayen, ya daidaita gefensu a kan gwiwarsa, ya mayar cikin gafaka, ya naɗe igiyar sau uku ya ɗaure. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa matarsa ta kawo mini abinci da wuri, kada in rasa motar Birnin Kebbi.